Garwa da Baƙinta: Tarihin Garin da Ya Tsallake Kogi

Wanda ya taso daga Ngaundere a mota, ya gangaro daga tudu ya miƙe hanyar arewa, in ya wuce Ngong yakan soma tambayar direba ko an iso Garwa. Gama tun daga Sangere gidaje ba su cika yankewa ba. Ga masu sayar da itace da gawayi a bakin hanya, ga kwalaben fetur a jere bisa tebur, ga sababbin gine-gine na bulo waɗanda ba a riga an rufa su ba. Direba kuwa sai ya ce, "Da saura, ba mu hau gada ba tukuna." A wurin tsofaffin gari Garwa tana hayin arewa na kogin Binuwai, duk abin da ke kudu da gada kuma daji ne da gonaki. Amma tun 2007 gwamnati ta raba garin kashi uku, kashi na uku kuwa yana da mazauninsa a Bokle, wato a wancan hayin da tsofaffi ke kira daji.

Aikina ya sa nakan riƙe littafin da ake rubuta sunayen jama'a a ciki. A kowane shafi akwai gurbin da ake tambaya, "Ina aka haife ka?" Na lura cewa a cikin dattawa da ƙyar ka sami wanda zai ce Garwa. Wannan ya ce Mokolo, wancan ya ce Kaele, wata ta ce Yaguwa, wani ya ce Lere ta ƙasar Cadi, wani kuma Mubi. Sai ka zo kan yara ne za ka ga sunan Garwa ya cika shafi. Wannan ya sa na so in bi sawun garin, in ga abin da ya jawo mutane zuwa nan, da abin da suka ci bayan abin da ya jawo su ya ragu. Gama sau uku garin yana samun abin da ke kiran baƙi, wato kogi, da gwamnati, da auduga, kowannensu kuwa ya yi ƙarfi ya kuma yi sanyi, amma baƙin ba su koma ba.

Kafin zuwan Fulani, Bata ne ke zaune a bakin kogi suna su da noma, Fali kuma suna kan duwatsun Tingilin da ke arewa da garin. Fulani makiyaya sun daɗe suna kiwo a tsakaninsu. Sa'ad da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ardo-ardon wannan kwari suka bi shi, suka kafa garuruwa masu ganuwa. Garwa ɗaya ce daga cikinsu, ba kuwa babba ba. Yola ce uwa tun da aka kafa ta a 1841, Rai Buba da Ngaundere da Tibati da Marwa kuma duk sun fi Garwa suna da yawan mayaƙa.

Abin da Garwa ta fi su da shi wuri ne. A nan fatake masu zuwa daga Borno da ƙasar Hausa ke haye kogi su nufi kudu neman hauren giwa da goro. Kada mu ɓoye kuma, har da bayi. Fataucin mutane yana cikin abin da ya gina kasuwannin Adamawa duka, kakannin waɗansu daga cikin masu karanta wannan takarda suna cikin masu saye, na waɗansu kuma suna cikin waɗanda aka sayar. Sunan unguwar Rumde Ajiya yana riƙe da wannan labari, gama rumde da Fulatanci shi ne abin da Bahaushe ke kira rinji, ƙauyen da bayi ke noma wa ubangijinsu. Yau babban filin ƙwallo ne a wurin, masu shiga kallo kuwa kaɗan ne ke tuna ma'anar sunan.

Hakika wanda ya iya karanta sunayen unguwannin Garwa ya karanta rabin tarihinta. Fulbere ita ce ta Fulani, inda fadar Lamido take. Hausare ta Hausawa ce. Kollere ta Barebari ce, gama Kole'en ne sunan da Fulani ke kiransu da shi. Akwai Marware, da Bibemire, da Reyre, kowace tana ɗauke da sunan garin da mazaunanta na fari suka fito. Sa'an nan ga sunayen Hausa tsantsa, kamar Yelwa da Sabongari. Hausawan nan mahauta ne, da dillalai, da masaƙa, da marina, da wanzamai, da malamai. Jikokinsu da yawa yanzu Fulatanci ya fi sauƙi a bakinsu, domin shi ne harshen kasuwa a arewacin Kamaru duka. Ɗan'uwa da ya zo daga Jos ko Kaduna yakan yi mamaki ya ga Bahaushe yana ciniki da Bahaushe da Fulatanci.

Turawa kogin ne ya jawo su. Heinrich Barth ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yuni 1851, ya ba da labari a Turai cewa ga babban ruwa da zai iya kai jirgi har tsakiyar ƙasa. A 1854 Baikie ya hauro da jirgin da ake kira Pleiad, amma bai kai nan ba. A 1879 jirgin mishan na C.M.S. mai suna Henry Venn ya hauro har kusa da Garwa, a cikinsa akwai wani Bajamushe, Flegel, wanda daga baya ya yi ta ƙoƙarin jawo hankalin ƙasarsa zuwa Adamawa. Masu mishan ɗin ba su zauna ba, sun juya da ruwa. 'Yan ciniki ne suka biyo baya.

Abin da ya ɗaukaka Garwa da gaske alƙalami ne, ba takobi ba. A 1893 Ingila da Jamus suka ja iyaka a takarda, suka bar Yola da ɗan kewayenta a hannun Ingila, sauran yawancin Adamawa kuma a hannun Jamus. Ashe an raba uwa da 'ya'yanta ke nan. A watan Satumba 1901 Turawan Ingila suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fito ya nufo gabas yana tara jama'a. Jamusawa suka karya shi a Garwa cikin watan Nuwamba, suka sake karya shi ƙarƙashin Hans Dominik kusa da Marwa a farkon 1902. Tun da Yola ta fita daga hannunsu, dole su nemi wani gari a bakin kogi inda jirgi zai kawo musu kaya, su kuma zaunar da razdan. Garwa ce ta dace. Haka ƙaramin gari mai kai gaisuwa Yola ya zama wurin da manyan lamibe ke zuwa amsa kira.

Ba a karɓi wannan mulki da hannu biyu ba. A 1907 Goni Wadai ya tara jama'a da sunan Mahadi ya nufo Garwa, bindigogin Jamusawa suka watsa su. A yaƙin duniya na fari kuma sojan Ingila suka taso daga Yola a ƙarshen Agusta 1914, suka fāɗa wa ganuwar Jamusawa, aka kore su da hasara mai yawa, har babban hafsansu ya mutu. Suka komo tare da Faransawa, Garwa ta ba da kai ran 10 ga Yuni 1915. Daga nan ƙasar ta shiga hannun Faransa har 1960.

A zamanin Faransawa rayuwar garin tana bin ruwa ne. Binuwai ba ya ɗaukar babban jirgi sai in ya cika, wajen ƙarshen Yuli zuwa Oktoba, wata biyu ko uku kaɗai a shekara. A cikin wannan ɗan lokaci jiragen kamfanoni ke haurowa daga Burutu da Warri, su bi ta Lokoja da Makurɗi da Yola, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ɗauke da gishiri, da siminti, da kananzir, da fetur, da yadi. Su koma da gyaɗa, da fatu, daga baya kuma da auduga, har da ta kudancin Cadi. Duk abin da za a ci riba a kansa a shekara sai an sauke shi an kuma loda wani kafin ruwa ya janye. Don haka da damina garin yakan cika da 'yan dako, da masu tuƙa kwalekwale, da masu dafa musu abinci. In ruwa ya tafi, waɗansu su koma gida, waɗansu su ce bari su jira na baɗi. Masu jiran nan su ne suka soma faɗaɗa garin bayan tsohuwar ganuwa.

Abu uku ne suka kashe tashar. Yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar ruwa ta ƙasa. A 1974 hanyar jirgin ƙasa daga Yawunde ta iso Ngaundere, sai kaya suka koma bin Duwala, a sauke su a Ngaundere, manyan motoci su ƙarasa da su arewa. Sa'an nan aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, cikar kogin ta daina zuwa kamar dā. Yau in ka je tasha za ka tarar da ƙananan jirage masu inji suna kai da kawowa tsakanin nan da iyakar Nijeriya, da masu haƙar yashi, amma manyan jiragen sai a bakin tsofaffi.

Da a ce kogi ne kaɗai abincin Garwa, da ta koma ƙaramin gari a lokacin. Amma kafin kogi ya yi sanyi ta riga ta sami wani gata. Ahmadu Ahijo ɗan garin ne, an haife shi a nan a 1924. Ya yi aikin gidan waya, ya shiga siyasa, ya zama firayim minista a 1958, a Garwa kuma ya kafa jam'iyyarsa a wannan shekara. Daga 1960 zuwa 1982 shi ne shugaban ƙasa. A duk zamaninsa arewacin Kamaru lardi ɗaya ne, tun daga Ngaundere har bakin tafkin Cadi, Garwa ce kuma hedkwata. Wanda ke neman aiki, ko canjin wurin aiki, ko lasin, ko babbar shari'a, nan zai zo. Aka gina filin jirgin sama wanda manyan jirage ke sauka, har alhazai ke tashi daga nan. Aka shimfiɗa tituna masu faɗi, aka dasa dogon yaro a gefensu. Aka buɗe masaƙar CICAM, da kamfanin giya da lemo, da makarantar koyon tsaron namun daji a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka masu Faransanci. A 1978 aka gama filin ƙwallon Rumde Ajiya. Mutanen Marwa, wadda ta fi Garwa tsufa a sarauta da yawan jama'a a dā, sun ga wannan duka, ba su kuwa manta ba.

Ƙidayar gwamnati ta nuna abin da wannan gata ya yi. A 1976 an sami mutum kusan 64,000 a Garwa. A 1987 sun kai kusan 142,000. Cikin shekara 11 garin ya ninka har da ɗoriya, ya zama na uku a ƙasar, bayan Duwala da Yawunde. Haihuwa kaɗai ba ta yin haka. Ma'aikata ne daga kudu, da 'yan kasuwar Bamileke, da sojoji, da masu gudun yaƙin Cadi, da samari daga duwatsu masu neman aikin gadi ko na birkila.

A nan ne labarin ya taɓa ikilisiya, gama yawancin Kiristan garin cikin waɗannan baƙi suke. 'Yan mishan na Lutheran sun soma aiki a arewacin Kamaru tun wajen 1920 zuwa 1925, amma a ƙauyuka da garuruwan da ke nesa da nan. Fada-fadan Oblat na Katolika sun iso a 1946 tare da Yves Plumey, a 1947 kuma aka mai da Garwa cibiyar aikinsu na arewa duka. Majami'un farko na cikin gari ma'aikatan kudu ne da 'yan Cadi suka cika su. Da baƙi suka ƙaru, sai ya zama a Lahadi guda ana sujada da Faransanci, da Fulatanci, da Mundang, da Tupuri, da Ngambai, a wani wuri da Hausa. Sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Garwa a watan Agusta 1985, taron da ya tarye shi ya nuna wa kowa cewa garin ba irin na 1950 ba ne kuma.

Yanzu bari mu zo kan auduga, gama a ganina ita ce ta fi sauran duka sāke fuskar wannan ƙasa, ko da yake ba a cikin gari ake noma ta ba. Kamfanin Faransa mai suna CFDT ya kawo noman auduga na sayarwa wajen 1950, ya soma daga Kaele. A 1974 gwamnati ta kafa SODECOTON, ta sa hedkwatarsa a Garwa. Tsarinsa shi ne, kamfani ya ba manomi iri, da taki, da maganin ƙwari, wani lokaci da garmar shanu, duk bashi. Malamin gona ya zo ya auna fili da igiya, ya faɗi ranar shuka. Da kaka a kawo auduga wurin awo, a cire bashi, a ba manomi saura. Manoma kuwa ƙungiya-ƙungiya suke, suna lamunin juna, in ɗaya ya kāsa biya sai a cire daga na 'yan'uwansa. Wannan ya raba zumunci a ƙauyuka da yawa, na kuma sha zama sulhu a kansa. Daga wurin awo motoci ke kwashe audugar zuwa injin gurza. A Garwa ake matse angurya a fitar da man girki na Diamaor, dusar kuma ta zama abincin shanu. Direba, da makaniki, da ɗan dako, da mai gadi, da mai sayar da abinci a ƙofar kamfani, duk daga wannan farin abu suke ci. Har ƙungiyar ƙwallon garin, Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 ta kuma kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, sunan auduga take ɗauke da shi.

Amma auduga tana bukatar ƙasa da hannu, su biyun kuwa ba wuri ɗaya suke ba. Hannu yana can arewa mai nisa, a duwatsun Mandara da filayen Kaele da Yaguwa, inda mutane suka yi yawa, ƙasa ta gaji, ruwan sama kuma ba shi da tabbas. Ƙasa tana nan kwarin Binuwai, mai faɗi, mai ruwa, mutane kaɗan. Bayan farin 1973 gwamnati ta buɗe shirin zaunar da manoma a arewa maso gabashin Binuwai. Aka haƙa rijiyoyi, aka share hanyoyi, aka kwaso iyalai a manyan motoci, Mafa, da Mofu, da Giziga, da Tupuri, da Mundang, da Masa. Daga baya aka buɗe wani shirin a kudu maso gabas, wajen Tubooro. Waɗanda aka kwaso kaɗan ne in aka gwada da waɗanda suka biyo su da ƙafarsu. Mutum ya yi kaka biyu ya ga rumbunsa ya cika da masara, sai ya aika wa ƙanensa. Farin 1984 ya ƙara turo waɗansu. Ngong, wadda dā 'yar zango ce a bakin hanya, ta zama babbar kasuwar masara da gyaɗa wadda 'yan kasuwa ke zuwa daga kudu da Nijeriya. Tafkin Lagdo kuma ya jawo masunta Musgum da Kotoko da na Nijeriya.

Lissafi ya gaskata wannan. Ƙasar da ake kira yankin Arewa yanzu tana da mutum kusan 479,000 a 1976, kusan 832,000 a 1987, sa'an nan kusan 1,688,000 a 2005. Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Daga 1987 zuwa 2005 yankin ya ninka, amma garin Garwa ya tashi ne daga 142,000 zuwa kusan 236,000 kawai, har Bamenda da Bafusam suka wuce shi, ya koma na biyar. Wato a waɗannan shekaru gona ta fi gari kiran mutane. Dalilin ba boyayye ba ne.

Ahijo ya sauka a watan Nuwamba 1982. A watan Agusta 1983 aka raba lardin arewa uku, Ngaundere da Marwa suka sami nasu gwamnoni, ofisoshi da ma'aikata suka rarrabu. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984 manyan garin da yawa suka rasa muƙamansu, Ahijo kansa ya rasu a Dakar a 1989, can kuma aka binne shi. Ba a ce 'ya'yan garin sun ɓace daga manyan wurare ba, gama Sadu Hayatu ya yi firayim minista daga 1991 zuwa 1992, ɗan'uwansa Isa Hayatu kuma ya shugabanci ƙwallon Afirka daga 1988 har 2017. Amma girman mutum ɗaya daban, albashin dubban ma'aikata daban. A 1993 aka zabge albashi sau biyu, a watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Ina yaro a lokacin, ina tuna malaman makaranta suna neman gona a bayan gari, abin da dā suke ganin ƙasƙanci ne. Ita auduga ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A kakar 2004 zuwa 2005 an auna fiye da tan 300,000, 'yan shekaru kaɗan bayan haka aka faɗo ƙasa da rabin wannan saboda tsadar taki da faɗuwar farashi a kasuwar duniya, kafin ta sāke farfaɗowa.

To, me mutanen gari suka ci? Amsar tana bakin hanya, cikin kwalaben nan da muka gani tun daga Sangere. Shekaru da yawa fetur ya fi araha ƙwarai a Nijeriya saboda tallafin gwamnati. Samari suka riƙa ɗauko shi a jarkoki bisa babur ko cikin jirgin ruwa, ana kiransa zuwa-zuwa. Arahar fetur da arahar baburan Sin suka haifi aikin acaɓa, har ya zama da wuya ka ga tasi a garin. Tare da fetur ake shigo da robobi, da atamfa, da magunguna, da kayan gyaran mota, a fita da shanu daga kasuwar Adumri, da shinkafa, da masara, da albasa. Wannan ciniki ba ya cikin littafin gwamnati sosai, amma shi ya biya kuɗin makarantar yara da yawa. Lahaninsa shi ne igiyarsa tana hannun wata ƙasa. Da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, kasuwa ta ji a jikinta. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin kwalba ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, ɗan acaɓa ya ƙara kuɗi, mai zuwa kasuwa daga bayan gari ta koma tafiya a ƙasa.

Duk da haka garin bai daina miƙewa ba. 'Ya'yan manoman da aka kawo a 1975 sun girma, gonar uba ba ta isa a raba wa 'ya'ya shida ba, dajin da ya rage kuma yawancinsa gandun namun daji ne, na Binuwai da Faro da Buba Njida, da wuraren farautar da ke kewaye da su, inda ba a yarda a sa fartanya ba. Sai su nufo gari. Tun wajen 2014 kuma tashin hankalin Boko Haram ya turo waɗansu daga kan iyakar arewa mai nisa. Tsakiyar gari ba ta da wuri, haya kuma da tsada, saboda haka sukan sauka a gefe, a Jambutu ta yamma, a hanyar Gashiga, a hanyar Pitowa, a Bokle da Sangere. Can mutum zai iya gina ɗaki ɗaya, ya shuka masara a bayansa, ya shiga gari da safe neman na cefane. Rabinsa manomi, rabinsa ɗan birni. Gida yakan riga hanya zuwa, ya riga famfo, ya riga makaranta. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, farashin jarkar ruwa a wurin 'yan garuwa shi ne labarin da mata ke soma yi da safe.

Ruwa da wuta ma suna da nasu abin mamaki. Madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, an yi ta domin ta ba da megawat 72, ita ce kuma ta haskaka arewa duka shekaru da yawa. Amma ta hana kogi malala bisa fadamun da ake dasa masakwa a dā. In damina ta yi yawa dole a buɗe ƙofofinta, kamar a 2012, sa'ad da ruwa ya ci unguwannin da ke kwari a nan, ya kuma yi ɓarna mai yawa a Nijeriya. In damina ta gaza kuma injuna su rasa ruwa, kamar a 2021, sa'ad da aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Su wa ke gini a kwarin da ruwa ke ci? Baƙon da ya zo a ƙarshe, gama nan ne fili ya fi araha.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi damuna, wato maganar fili. Bisa dokar 1974, ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana hannun gwamnati ne. Bisa al'ada kuwa ƙasa ta Lamido ce, jauro ne ke nuna wa baƙo inda zai sāra, manomi kuma yakan kai wani abu daga amfanin gona kowace kaka. Muddin wurin daji ne, dokokin nan biyu ba su karo. Ranar da gari ya iso, gonar masara ta zama filin gini mai tsada, sai kowa ya tuna da haƙƙinsa. Magājin wanda ya ba da gonar ya ce aro ne. Wanda ya sāre ta ya ce shekara talatin yana nomanta, a nan ya binne iyayensa. Wani kuma ya fito daga cikin gari da takarda mai hatimi. Na san wani dattijo da ya sayi fili da kuɗin audugar kaka uku, shaidarsa 'yar takarda ce da aka rubuta da hannu. Ya tara bulo, ya tafi jana'iza garinsu, ya komo ya tarar wani ya kafa harsashi a wurin, shi ma da irin takardarsa, daga hannun mai sayarwa guda. Neman takardar mallaka ta gaskiya yana cin kuɗi da sawu, yana kuma bukatar wanda ya iya Faransanci. Ba Kirista kaɗai wannan ke ci ba. Bahaushe mai tireda da Bafulatanin da ya rasa burtalin shanunsa suna cikin wannan wahala.

Garin ya ga waɗansu sababbin abubuwa a 'yan shekarun nan. A farkon 2022 an buga wasannin cin kofin Afirka a Rumde Ajiya, aka gyara tituna da masaukai saboda haka. A watan Janairu na wannan shekara kuma aka ba da dokar kafa Jami'ar Garwa, masu filaye a gefen gari suka soma gina ɗakunan haya domin ɗalibai. Amma kusan shekara ashirin suka wuce bayan 2005 ba a sāke ƙidayar jama'a ba, aka riƙa lissafin azuzuwa da gadajen asibiti da bututun ruwa bisa adadin da aka ɗauka tun waɗansu unguwannin suna gonaki.

Dattijon nan da na ambata bai sami filinsa ba. An yi zama uku a gaban mai unguwa, aka mayar masa da rabin kuɗinsa, ya kwashe bulonsa a amalanke ya ƙara gaba wajen Sangere, inda wani jauro ya nuna masa wani wuri. A bara ya kawo jikarsa a rubuta sunanta. Da na zo gurbin wurin haihuwa na tambaye shi ko in sa Sangere. Ya ce in rubuta Garwa.